Tabon Hancin Buroshi

Akwai wani mai aski da hannunsa ba ya iya zama wuri ɗaya. Idan ka shiga shagonsa da wuyan riga a karkace, kafin ku gama gaisawa ya daidaita maka shi. Idan ya je gidan mutane ya ga hoto ya karkata a bango, sai ya miƙe a tsakiyar hira ya gyara.

Amma babbar cutarsa ita ce ƙurji. Da ya gama maka aski ya ajiye kilifa, in dai akwai ƙurji a fuskarka, to ka shiga uku. Sai ka ji ya ce, "Yi haƙuri, ɗan wannan kawai." Kafin ka buɗe baki ya sa manyan yatsunsa biyu ya matse, ya dangwalo sifirit a auduga ya manna maka. Kana hawaye, shi yana murmushi, a ganinsa ya yi aikin lada. Shi ya sa 'yan layin suka laƙaba masa Gyara, har sunansa na gaskiya ya ɓace.

Kada ku ɗauka mugu ne. Wallahi mutum ne mai taushin zuciya. Abin dai shi ne, ba ya iya ganin abu a tsaye bai tura shi ba.

Yana da 'ya mace, autarsa, wadda yayyenta duk sun girma sun bar gida. Auta yarinya ce mai manyan idanu da kaifin kai, sai dai tana da i'ina. Magana takan maƙale mata a baki, ta yi ta kokawa da harafi ɗaya, leɓenta na rawa. Uban kuwa, duk duniya ba abin da ke soya masa rai kamar ganinta a haka. Don haka sai ya riƙa taimaka mata, a ganinsa.

"Baba, yau a ma-ma-ma..."

"Makaranta? Wani ya dake ki?"

"A'a, ma-ma..."

"Malama ta ba ku aiki? To maza je ki yi, Allah ya yi miki albarka."

Sai ta tsaya ta dube shi, ta gyaɗa kai, ta wuce ɗaki. Abin da ya faru a makarantar ranar, har yau ba wanda ya sani.

A hankali Auta ta daina kawo labari. Ta koma gyaɗa kai da girgiza kai. Gyara ya lura, abin ya dame shi, sai ya ƙara ƙaimi wajen gyaran: "Ja numfashi. Sake faɗa. A hankali mana." Yarinya ta ƙara shigewa cikin kanta.

Ana nan, sai wani direban babbar mota da ke aski a wurinsa ya kawo masa ɗan kwikwiyo a kwali. Karyarsa ce ta haihu, ya ce a raini wannan ya yi gadin gida. Ɗan jawur ne mai faɗin tafin ƙafa, jelarsa buzu-buzu kamar buroshin da Gyara ke kakkaɓe wa mutane gashi a wuya. Nan take sunan Buroshi ya bi shi.

Maman Auta ta kafa dokarta tun a bakin ƙofa. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar kwanukan cin abinci, wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu da sabulu. Aka yi masa makwanci a bayan tankin ruwa, da tsohon buhu da kwanonsa na kansa.

Wata rana wuta ta ɗauke, Gyara ya rufe shago ya dawo gida da wuri. Yana shigowa sai ya ji murya a bayan tanki. Wata ce ke ba da labari, har da kwaikwayon muryar malama, har da dariya. Ya leƙa a hankali. Auta ce a tsugune, Buroshi ya ɗora haɓa a kan takalminta yana kallon bakinta.

I'inar tana nan, ba ta je ko'ina ba. Takan maƙale, ta yi ta maimaitawa. Kwikwiyon dai yana kallonta, kunne ɗaya a miƙe. Can kalmar ta fito, labari ya ci gaba.

Gyara ya ji hawaye ya cika masa ido, don rabonsa da jin 'yarsa ta yi doguwar magana haka har ya manta. Da ya yi shiru ya koma da baya, da ya kyauta. Ina, hali ya riga ya zama jiki. Ya faɗo wurin yana tafi.

"Ashe kin iya! To faɗa min ni ma, me malamar ta ce? Fara daga farko."

Auta ta miƙe, ta dubi ƙasa, ta ce, "Ba-ba-ba..."

"Ba komai? Haba, akwai mana."

Ta ɗauki kwanon kwikwiyon ta tafi wanke shi.

Ba a jima ba, wata safiya aka tashi aka ga fuskar Buroshi ta kumbura. Fatar idanunsa ta yi suntum har da ƙyar yake buɗe su, leɓɓansa sun yi nauyi. Kafin yamma ƙuraje sun feso masa a hanci da haɓa da cikin kunne. A ƙarƙashin muƙamuƙinsa kuma kaluluwa ta fito dama da hagu, kowace kamar ƙwan kaza. Ya ƙi abinci, jikinsa zafi, ya kwanta yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa.

Maƙwabta suka leƙo, kowa da nasa. Wannan ta ce rina ce ta harbe shi. Wancan ya ce ƙazuwa ce. Mai walda na gidan gaba ya ja baya yana toshe hanci.

"Gyara, wannan ba abin ajiyewa a gida ba ne, ga yarinya. Ka sa shi a buhu ka kai shi nesa ka yar."

Auta na tsaye tana ji. Ta je ta zauna a gaban makwancin, ta baje hannuwanta ta tare hanya.

Gyara ya dube ta. Ya san sarai idan kwikwiyon nan ya mutu, muryar da ya ji a bayan tanki ta mutu ke nan, ba kuma lallai ta sake dawowa ba.

"Ba inda za a kai shi," ya ce. "Ƙuraje ne kawai. Ni kuwa ƙurji sana'ata ce."

Jama'a, a nan fa aka yi ɓarnar, kuma da kyakkyawar niyya aka yi ta. Ya je shago ya ɗauko tsohuwar kilifa da auduga da kwalbar sifirit. Ya aske gashin hancin kwikwiyon tas, ya danne shi tsakanin gwiwoyinsa, ya bi ƙurajen gefen hagu ɗaya bayan ɗaya yana matsewa. Buroshi ya yi ta ihu yana fizge-fizge. Da sifirit ya taɓa wurin kuwa, kukan da ya yi har Maman Auta ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Auta ta riƙe hannun rigar ubanta. "Baba, k-k-k..."

"Na sani, kina so ya warke. Yanzun nan zan gama."

Bai iya yin gefen dama ba, don kwikwiyon ya kubce ya shige ƙarƙashin tanki. Washegari aka jawo shi. Gefen hagu ya dagargaje, ya zama gyambo yana tsiyayar ruwa. Gyara ya duba ya ce alamar dattin yana fita ne, ya sake miƙa hannu ga kwalbar.

Maman Auta ta riga shi ɗauka.

"Baban Auta, kan mutane ka iya, ba a musu. Wannan kuwa ba kan mutum ba ne. Ka ɗauke shi ku tafi wurin likitan dabbobi tun yana numfashi."

Suka sa shi a kwali suka shiga motar haya, Auta ta rungume kwalin a cinya har suka isa.

Likitar mace ce mai sanyin magana. Ta sa safar hannu, ta ɗora Buroshi a kan teburin ƙarfe, ta latsa kaluluwar a hankali, ta leƙa kunnuwan. Ta ɗan kankari fatar ta duba a madubin aikinta. Sannan ta tambaya, "Waye ya fi zama da shi a gida?"

"'Yata ce," in ji Gyara. "Amma ni zan yi miki bayani, ita tana da..."

"Bari in ji daga bakinta, Malam." Ta jawo kujera ta zauna daidai tsayin Auta. "'Yan mata, ina ya fara kumbura?"

"I-i-i..."

Gyara ya buɗe baki. Likita ba ta ko dube shi ba, ta ɗaga masa tafin hannu kawai. Ya haɗiye maganar.

"...ido," Auta ta ƙarasa. Ta dubi likita, ta ga ba ta gaji ba, sai ta ci gaba. Da tsayawa da komai ta faɗi yadda idon ya fara, yadda ya daina wasa da igiyarsa, yadda yake jin zafi idan ya haɗiyi ruwa. Daga ƙarshe ta saci kallon ubanta, ta nuna gefen hagu. "Nan B-baba ya matse. Nan bai t-taɓa ba. Wanda bai taɓa ba ya fi kyau."

Gyara ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abin da ta so faɗa masa ke nan tun jiya, shi kuwa bai bar ta ba.

Likita ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce wannan ciwo ne da kan kama 'yan kwikwiyo tun suna ƙanana. Garkuwar jikinsu ce ke rikicewa ta afka wa fatarsu, wuya ya kumbura kamar an shaƙe su. Ba hauka ba ne, ba ƙazuwa ba ce, ba ya kama mutum, ba ya kama wani kare. Idan an bar shi ba magani yana iya kisa, idan an bi magani yawanci ana warkewa.

Ta ba su ƙwayoyi iri biyu, ɗaya na kwantar da garkuwar jikin, ɗaya na gyambon da ya samu. Ta ce za a ɗauki makonni, kuma ko ya ga kamar ya warke kada a yanke maganin kwatsam, ita za ta riƙa rage shi kaɗan-kaɗan. Zai riƙa shan ruwa da yawa, ya yi ta fitsari, ya yi ta ci, kada su tsorata.

"Ƙurajen fa?" in ji Gyara da ƙaramar murya.

"Tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a ɗora a hankali, shi ke nan. Ba matsa, ba ɓantara, ba sifirit. Su za su fashe da kansu su bushe. Inda aka riga aka matse kam, mai yiwuwa gashi ba zai sake fitowa ba." Ta dubi yatsunsa. "Wace sana'a kake yi, Malam?"

"Aski."

Ta yi murmushi. "To, kai ne mai jinya mafi wahala da zan sallama yau."

Gaskiyarta. Ba da ƙwaya bai zama aiki ba, Auta ke tura ta cikin ɗan nama, Buroshi ya haɗiye. Cikin 'yan kwanaki zafin jikin ya sauka, idanun suka buɗe, ya fara lasar kwano. Wahalar tana wurin Gyara. Kullum da yamma shi ke riƙe kwikwiyon, Auta na ɗora tsumma. Ga ƙuraje a gabansa sun nuna, sun yi farin kai, tazarar ɗan yatsa tsakaninsa da su. Har gumi yake yi.

Maman Auta ta gaji da ganin yatsunsa na motsi su kaɗai. Ta tono wani ƙullin zaren saƙa da ya cukurkuɗe tun shekarun baya, ta jefa masa a cinya.

"Ungo, warware min. Idan ka gama akwai wani."

Ta haka aka samu sauƙi. Auta ta karɓi riƙon da ɗora tsummar duka, shi yana gefe a kan benci yana fama da zare. Da yake hankalinsa na kan ƙulli, bakinsa ma sai ya mutu. Yarinya ta fara mantawa yana wurin. Ta riƙa yi wa Buroshi hira ƙasa-ƙasa, tana lallashinsa, tana ba shi labarin wata ƙawarta da ta zubar da tawada a jaka. Gyara ya sunkuyar da kai yana ji. Ashe 'yarsa tana da ban dariya, shi bai sani ba.

Sai ga wani ƙurji ya fito a gefen kunnen dama, babba, ya fi duk sauran. Ya yi kwana da kwanaki ya ƙi fashewa. Gyara ya riƙa tunaninsa har a shago, yana yi wa mutum saje yana ganin ƙurjin a madubi.

Wata rana da rana tsaka ya dawo cin abinci. Maman Auta ta fita kasuwa, Auta ba ta dawo daga makaranta ba. Buroshi ya taho da ɗan gudunsa yana kaɗa jela, ya kwanta a ƙafarsa, ya juya masa kunnen nan kamar da gangan.

"Ɗan wannan kawai," Gyara ya ce a ransa. "Ba sifirit. A hankali zan yi, ba wanda zai sani."

Ya tsuguna, ya kama kunnen, ya jera manyan yatsunsa biyu. Sai ya ji ƙarar jaka ta faɗi a bayansa.

Auta ce a bakin ƙofa da kayan makaranta. Ta ga hannunsa, ta ga kunnen. Fuskarta ta canza. Ta buɗe baki.

"Baba, h-h-h..."

Ya san abin da za ta ce. Haba Baba, za ta ce. Kalmar na kan harshensa, ga kuma amsarta a shirye: dubawa kawai nake yi. Ya ga leɓenta na rawa, jijiyar wuyanta ta tashi, ya ji irin ƙaiƙayin nan da yake ji a yatsu, amma yanzu a baki. Sai ya tuna tafin hannun likita.

Ya saki kunnen. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa, ya danne su da nauyinsa. Ya rufe baki ya dube ta.

Ta daɗe tana kokawa. Shi dai bai motsa ba. Buroshi ya miƙe kunne ɗaya, su biyu suna jiranta.

"H-haka kake yi min," ta ce. "In m-magana ta tsaya, sai ka m-matse ta. Da zafi, Baba."

Allah sarki. Ba abin da ya zata ba ne, ko kusa. Shekara da shekaru yana ƙarasa mata magana, sai yau ya tambayi kansa sau nawa ya ƙarasa daidai. Hawaye ya zubo masa, bai share ba, don hannuwansa na ƙarƙashinsa kuma yana tsoron sakin su.

"Ki yafe min, Auta," ya ce. "Ina jin ki. Akwai saura?"

Akwai saura kuwa, da yawa. Ta zo ta zauna kusa da shi a kan siminti, ta jawo kwikwiyon cinyarta. Maman Auta ta dawo ta same su a haka, abinci ya huce, uba na zaune a kan hannunsa, 'ya na ta zuba. Ta ajiye kayanta ba tare da ta yi motsi mai ƙarfi ba, ta shige kicin tana goge ido da gefen mayafi.

Ƙurjin kunnen ya fashe da kansa bayan kwana biyu, ya bushe, ya warke ko alama bai bari ba. Suka ci gaba da zuwa wurin likita tana rage ƙwayar har aka gama. Kaluluwar ta saɓe, gashi ya dawo ko'ina. Ko'ina ban da gefen hagu na hanci, inda wasu 'yan tabo suka zauna fes ba gashi, daidai inda yatsun Gyara suka bi.

Buroshi ya girma ya zama ƙaton kare mai murya. Mai waldan da ya ce a yar da shi, yanzu shi ke ajiye masa ƙashi, don har ƙofarsa yake gadi. I'inar Auta ba ta tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Amma yanzu tana magana, har sai an ce ta bari a ci abinci.

Rannan ta biyo ta shago daga makaranta. Gyara na tsakiyar yi wa wani tela aski, rabin kai ya fita, rabi na nan. Ta tsaya a bakin ƙofa da murna a fuska.

"Baba, yau ni na k-k-k..."

Telan ya ga ta daɗe, ya ce cikin tausayi, "Kin ci jarrabawa?"

Gyara ya kashe kilifa, ya dafa kafaɗarsa. "Bari ta gama, Malam. Ba sauri muke ba."

Telan da rabin kansa, da masu jiran layi a benci, kowa ya zuba mata ido.

"...karanta a gaban aji," ta ce. "Da k-kaina na ɗaga hannu."

Gyara ya gyaɗa kai, ya kunna kilifa ya ƙarasa askin. Da ya zo kakkaɓe wa telan wuya, sai ga wani ƙurji a haɓarsa, ya nuna sarai. Telan ya runtse ido yana jiran abin da ya saba.

Gyara ya dubi ƙurjin, ya sa hannu a aljihu.

"Tashi, an gama," ya ce. "Wannan zai tafi da kansa."

Darasi: Ba kowane ciwo ne ke son yatsa ba, ba kuma kowane shiru ne ke son a cika shi ba. Sau da yawa wanda ya fi son mu shi ke bar mana tabo, don ya kasa jira. Idan dabbarka ta kamu da ciwon da ba ka sani ba, kai ta wurin masu ilimin abin, ka bi abin da suka ce har ƙarshe. Idan kuma akwai mai nauyin baki a gidanku, yaro ko babba, ba shi lokacinsa ya ƙarasa da kansa, don abin da zai faɗa ba lallai ne shi kake zato ba. Ku tura wannan labari ga iyaye da malamai da duk wani Gyara da kuka sani, ko Allah zai sa wata Auta ta samu mai saurarenta.